Sakiya ko Haƙuri: Nazarin Hanyoyin Magance Marurun Gefen Dubura a Jikin Yara

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin ciwon marurun gefen dubura da ke kama yara, musamman jarirai maza da ba su cika shekara guda ba, tare da auna hanyoyi biyu da likitoci ke bi wajen magance shi, wato hanyar tiyata da hanyar jinya ba tare da tsagawa ba. Manufar maƙalar ita ce fito da hujjojin kowane ɓangare cikin harshen Hausa, sannan a dubi inda suka haɗu da tunanin Bahaushe game da nunar maruru da sakiya. An tattara bayanai daga rubuce-rubucen likitocin tiyatar yara da kuma kalmomi da maganganun azanci na Hausa da suka shafi ƙurji da mugunya. Nazarin ya gano cewa marurun jariri ya bambanta da na babban yaro ta fuskar sanadi da makoma, kuma da yawa daga cikin na jarirai kan warke ba tare da an sa musu wuƙa ba. Haka kuma an gano cewa rashin keɓaɓɓen suna ga wannan ciwo a Hausa yana sa a riƙa cakuɗa shi da basir da ɗankanoma, lamarin da ke jawo maganin da bai dace ba.

Fitilun Kalmomi: Maruru, Sakiya, Dubura, Yoyon Dubura, Tiyata, Wanzanci

1.0 Gabatarwa

Kiwon lafiyar jariri a al'adar Bahaushe aiki ne da hannaye da yawa ke shiga cikinsa. Ungozoma ce ke yanke cibi, kaka ko gwaggo ke kula da wanka da gashi, wanzami kuma ke zuwa ranar suna domin aski da cire belu. Idan wani ƙurji ya fito wa jariri, waɗannan mutane ne ke fara ganinsa, kuma su ne ke fara yanke shawara a kansa tun kafin labari ya kai asibiti. Saboda haka, abin da suka fahimta game da ciwo, da sunan da suka ba shi, yana da tasiri kai tsaye a kan lafiyar yaron.

Daga cikin cututtukan da kan faɗo hannun waɗannan mutane akwai wani kumburi ja mai zafi da ke fitowa dab da bakin duburar jariri. Uwa kan lura da shi yayin tsarki ko sauya ƙunzugu, ta ga yaron yana tsananta kuka idan zai yi bayan gida. Tambayar da ke biyo baya ɗaya ce a gida da asibiti: a tsaga shi ne, ko a bar shi ya fashe da kansa? Likitocin tiyatar yara sun shafe shekaru suna muhawara a kan wannan tambaya. Amsar tana da muhimmanci, domin bayan marurun akwai wani ciwo da ke iya biyo baya, wato yoyon dubura, wanda kan ɗauki watanni yana fitar da mugunya.

1.1 Dabarun Gudanar da Nazari

An bi hanyar nazarin rubutattun bayanai. An duba sakamakon binciken likitoci da aka buga tsakanin 1985 da 2019 daga Amurka da Kanada da Japan da Suwidin da Niu Zilan, an kuma kwatanta su da juna. Ta ɓangaren harshe, an ƙalailaice kalmomin da Hausawa ke amfani da su wajen ambaton ƙurji da matakan da yake bi. Nazarin ya taƙaita ga yara, bai shiga marurun manya ba sai inda kwatance ya buƙaci haka.

2.0 Kalmomin da Suka Shafi Ciwon

Hausa tana da wadatar kalmomi a fagen cututtukan fata. Ƙurji suna ne na gama-gari ga duk wani ɗan tsiro da ya taso a fata. Maruru shi ne ƙurji babba mai zafi da ke tara mugunya. Mugunya, wadda wasu karuruwan harshe ke kira ɗiwa, ita ce ruwan nan mai kauri da ke taruwa a ciki. Idan maruru ya fashe ya bar rauni, an sami miki, idan mikin ya daɗe ya ƙi warkewa sai a kira shi gyambo. Kumburin da kan taso a matsematsi sakamakon ciwo a ƙafa ko ƙugu kuwa shi ne kaluluwa.

Abin lura shi ne yadda Bahaushe ya ɗauko aikatau na 'ya'yan itace ya ɗora wa maruru. Akan ce maruru ya nuna, ko kuma bai nuna ba tukuna, kamar yadda ake faɗa game da mangwaro ko kanya. Akan kuma ce ya ja ruwa, ko ya yi baki. Wannan ya nuna cewa a tunanin Bahaushe maruru yana da lokacinsa, kuma taɓa shi kafin lokacin ɓarna ce. Sakiya ita ce huda marurun da ya nuna da ƙarfe mai tsini, wanda akan sa a wuta, domin mugunya ta fita. Daga nan ne aka samo maganar nan ta "sakiyar da ba ruwa", wadda ake faɗa idan an cuci mutum cuta mai zafi. Asalin hoton shi ne a huda kumburi, mai shi ya sha azaba, amma babu abin da ya fito.

Sai dai idan aka zo ga dubura, wadatar nan takan ragu. Kunya takan sa a yi saye, a ce "baya" ko "ƙasa" maimakon ambaton wurin da sunansa, har ma kalmar dubura kanta aro ce daga Larabci da ta fi kalmomin asali sauƙin faɗa a gaban mutane. Sakamakon haka, kusan duk wani ciwo na wannan wuri akan jefa shi cikin ɗayan buhu biyu: basir ko ɗankanoma. Alhali kuwa a ilimin likita abubuwa ne mabambanta. Basir kumburin jijiyoyin jini ne, kuma da wuya ake samunsa ga jarirai. Fitar baya zazzagowar ƙarshen hanji ce, wadda takan biyo bayan doguwar gudawa ko tamowa. Tsagewar bakin dubura kan faru ne sakamakon taurin kashi. Maruru kuwa tarin mugunya ne a ƙarƙashin fata. Domin kauce wa wannan ruɗani, wannan maƙala za ta yi amfani da "marurun gefen dubura" ga tarin mugunyar, da kuma "yoyon dubura" ga 'yar hanyar da ke ɓullewa daga cikin dubura zuwa fata, bisa kwaikwayon kalmar "yoyon fitsari" da ta riga ta zauna a bakin jama'a.

3.0 Yadda Ciwon ke Samuwa

A cikin mafitar bayan gida, ɗan nesa kaɗan da bakin dubura, akwai wani layi da fatar waje ke haɗuwa da shimfiɗar hanji. A kan wannan layi akwai wasu ƙananan aljifai da aka sa wa sunan masanin ƙirar jiki ɗan Italiya, Morgagni. Cikin waɗannan aljifai ne wasu 'yan ƙananan mazubai masu fitar da majina ke buɗewa. Idan bakin aljihu ya toshe, ƙwayoyin cuta na cikin hanji, irin su Ikolai da Kilebsiyela, sukan hayayyafa a ciki, mugunya ta taru, ta nemi hanyar fita ta ɓangaren fata. Likita Alan Parks na Ingila ne ya ƙarfafa wannan bayani a 1961, kuma shi ne ra'ayin da aka fi karɓa har yau.

Wannan bayani shi ke fayyace dalilin samuwar yoyo. Marurun da ya fito a cinya ko hammata tushensa a fata yake, da zarar ya fashe ya zubar, magana ta ƙare. Na gefen dubura kuwa tushensa a ciki yake. Idan ya fashe ta waje, ƙofa biyu ke nan aka samu, ɗaya a ciki ɗaya a waje. Muddin ƙofar ciki ba ta rufe ba, ƙazanta za ta ci gaba da shiga, mikin waje ya riƙa rufewa yana sake fashewa.

3.1 Marurun Jarirai

Mafi yawan yaran da ke kamuwa da wannan ciwo ba su kai wata goma sha biyu ba, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari maza ne. Akasari lafiyarsu ƙalau, suna shan nono, suna ƙiba, babu zazzaɓi. Marurun kan fito ne a gefen dama ko gefen hagu na dubura. Masana sun kawo dalilai biyu da ke da alaƙa da juna. Fitzgerald da abokan aikinsa (1985) sun danganta shi da halittar da aka haifi yaro da ita da kuma tasirin sinadaran maza. Shafer da abokan aikinsa (1987) kuwa sun lura cewa aljifan Morgagni na irin waɗannan jarirai sun fi na sauran zurfi, inda sukan kai milimita 3 zuwa 10 maimakon milimita 1 zuwa 2. An kuma san cewa sinadaran maza kan hauhawa a jinin jariri namiji tsakanin watan farko da na uku, sannan su sauka wajejen wata na shida. Wannan ya yi daidai da lokacin da ciwon ya fi bayyana, da kuma yadda yake ja da baya yayin da yaro ke girma.

3.2 Marurun Yaran da Suka Tasa

Idan yaro ya wuce shekara biyu, ko kuma mace ce, ko ciwon yana ta dawowa a wurare daban-daban, likita kan nemi wata cuta da ke ɓoye a bayansa. Daga cikin irin waɗannan akwai cutar Kuron, wato kumburin hanji mai daɗewa wanda Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a 1932, wadda kan zo da rama da ciwon ciki da gudawa. Akwai ciwon sukari, da sankarar jini, da raunin garkuwar jiki na gado, da cutar ƙanjamau, da tarin fuka. A ƙasar Hausa dole a ƙara da tamowa, domin yaron da ya rasa abinci mai gina jiki mikinsa ba ya saurin warkewa. A irin wannan hali maruru alama ce kawai, kuma maganinsa ba zai yi tasiri ba sai an magance abin da ya haifar da shi.

4.0 Waiwaye a Kan Tarihin Maganin

Yoyon dubura tsohon ciwo ne a littattafan likitanci. Rubuce-rubucen da ake jinginawa ga Abuƙarata na Girka sun yi bayanin zura zare ta cikin hanyar yoyon a ɗaure, a riƙa tsuke shi har ya yanke naman a hankali. Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajejen 1013, ya yi maganar wannan ciwo a kashi na ƙarshe na littafinsa At-Tasrif, inda ya ambaci lalas da ƙarfe mai zafi da kuma yanka. A Ingila, John na Arderne ya rubuta littafi a kansa a 1376. A ranar 18 ga Nuwamba 1686 aka yi wa Sarki Luwi na 14 na Faransa tiyatar yoyon dubura a hannun Charles-François Félix, kuma nasarar aikin ta ɗaga darajar masu tiyata a ƙasar.

Duk waɗannan bayanai a kan manya aka gina su. Ga babban mutum, ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce duk inda mugunya ta taru a gefen dubura a fitar da ita ba tare da jinkiri ba. An daɗe ana ɗora wannan ƙa'ida a kan jarirai kamar yadda take, har zuwa ƙarshen ƙarni na 20 lokacin da wasu likitocin yara suka fara tambayar ko jariri yana buƙatar abin da babba ke buƙata. A Nijeriya ma an yi rubutu a kan lamarin, domin Emmanuel Ameh, wanda a lokacin yake aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya buga bincike a 2003 a kan maruru da yoyon dubura a tsakanin yaran da aka gani a Zariya.

5.0 Jinya Ba Tare da Tiyata Ba

Wannan hanya ta ƙunshi abubuwa huɗu. Na farko, tsabtace wurin da ruwa bayan kowane bayan gida, da sauya ƙunzugu da zarar ya ɓaci. Na biyu, zaunar da yaro cikin ruwan ɗumi ko yi masa gashi da tsumma mai tsabta sau da yawa a yini, domin ɗumi na rage zafi yana kuma taimaka wa maruru ya nuna ya fashe da kansa. Na uku, maganin rage zafi kamar farasitamol gwargwadon nauyin yaro. Na huɗu, maganin kashe ƙwayoyin cuta idan likita ya ga dacewar haka. Wasu likitoci kan ƙara da zuƙe mugunyar da sirinji, wanda mataki ne tsakanin haƙuri da tsagawa.

Rosen da abokan aikinsa (2000) a Amurka sun bi diddigin jarirai maza 18 masu wannan maruru. Daga cikinsu 14 sun sami yoyo, amma dukansu sun warke ba tare da an yi musu tiyatar yoyon ba. Bincike mafi girma shi ne na Christison-Lagay da abokan aikinta, wanda mujallar Pediatrics ta buga a 2007. Sun duba bayanan jarirai 140 daga asibitoci biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Kanada, kuma kashi 94 cikin ɗari maza ne. An tsaga wa 83, ba a tsaga wa 57 ba. Cikin waɗanda ba a tsaga wa ba, 9 ne kawai suka sami yoyo, yayin da kason masu yoyo a cikin waɗanda aka tsaga wa ya ninka haka fiye da sau biyu. Sun kuma lura cewa ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ya ƙara rage samuwar yoyon.

Akwai wani misali daga Japan da ya kamata manazarta al'ada su tsaya a kansa. Likitocin tiyatar yara a can suna amfani da wani haɗin gargajiya mai suna hainosankyuto, wanda ya ƙunshi tsirrai shida, ciki har da citta da 'ya'yan wata itaciya dangin magarya. Kawahara da abokan aikinsa sun buga sakamakon amfani da shi ga jarirai masu wannan maruru a 2011. Abin koyi a nan shi ne matakan da maganin ya bi kafin ya shiga asibiti: an san abin da ke cikinsa, an daidaita awonsa, ana sarrafa shi a masana'anta, an kuma rubuta sakamakonsa domin wasu su tantance.

6.0 Hanyar Tiyata

Tiyata iri biyu ce a nan. Ta farko ita ce tsagawa da zubarwa: a kashe zafin wurin ko a sa yaro barci, a yi 'yar tsaga a kan marurun, a fitar da mugunya, a wanke. Ta biyu ita ce a sa yaro barci, bayan an zubar da mugunyar sai a zura wani siririn ƙarfe mara kaifi domin neman ƙofar ciki. Idan an same ta, sai a buɗe rufin hanyar daga ƙofa zuwa ƙofa, ta koma buɗaɗɗen miki da zai cike daga ƙasa. Hanyar yoyon jariri gajeriya ce, miƙaƙƙiya, kuma ba ta ratsa zoben tsokar da ke riƙe bayan gida da zurfi, shi ya sa da wuya wannan aiki ya jawo kasa riƙe kashi idan ƙwararre ne ya yi shi.

Masu goyon bayan wannan hanya suna da nasu hujjoji. Binciken Buddicom da abokan aiki a Niu Zilan (2012) da na likitocin Jami'ar Lund ta Suwidin (2016) sun nuna cewa idan aka nemo hanyar yoyon aka buɗe ta tun a aikin farko, dawowar ciwon takan ragu idan aka kwatanta da tsagawa kaɗai. Sun kuma kafa hujja da cewa tiyata na kawo ƙarshen ciwon cikin 'yan makonni, maimakon iyaye su shafe watanni suna wanke mugunya.

Babban abin da ke sa iyaye ɗari-ɗari shi ne maganin sa barci. A watan Disamba 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi game da sa yaran da ba su kai shekara uku ba barci na fiye da awa uku, ko kuma sau da yawa. Sai dai wani babban gwaji na ƙasashe da dama da mujallar The Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa barcin da bai kai awa guda ba a jarirantaka bai shafi kaifin ƙwaƙwalwar yaran ba lokacin da suka kai shekara biyar. Aikin maruru gajere ne, ba ya kusantar awa uku. Abin da ya fi zama matsala a yankunanmu shi ne samun asibitin da ke da ƙwararren mai sa jarirai barci, da kuma kuɗin aikin da na tafiya.

7.0 Auna Hujjojin Ɓangarorin Biyu

Wajibi ne a karanta alƙaluman da suka gabata da natsuwa. Akasarin waɗannan bincike waiwaye ne a kan tsofaffin bayanan asibiti, ba a raba yaran gida biyu ta hanyar ƙuri'a ba. Likita ya fi saurin tsaga marurun da ya ga ya yi girma ko ya yi muni, saboda haka yana yiwuwa tun farko yaran da aka tsaga wa su ne masu ciwo mafi tsanani, kuma tsananin ne ya jawo yoyon. Haka nan, adadin yaran kaɗan ne, kuma kowane asibiti da yadda yake fassara warkewa.

Duk da haka, idan aka haɗa sakamakon wuri guda, za a ga tsari mai ma'ana. Zaɓuɓɓukan a haƙiƙa uku ne: jinya, tsagawa kaɗai, da tsagawa tare da buɗe hanyar yoyo. Tsagawa kaɗai ita ce ta fi yawan barin baya da ƙura, domin ta buɗe ƙofar waje ta bar ta ciki yadda take. A kan haka ne likitoci da dama ke bin wannan tsari:

i. Jariri mai lafiya, mai ƙaramin maruru, babu zazzaɓi: a fara da jinya tare da sa ido.

ii. Maruru babba da ya nuna, yana hana yaro barci da shan nono, ko jan yana yaɗuwa: a fitar da mugunyar a asibiti.

iii. Yoyon da ya ƙi rufewa bayan watanni, ko yaro ya wuce shekara guda zuwa ɗaya da rabi yana fama: a buɗe hanyar yoyon.

iv. Yaron da ya tasa, ko mace, ko mai rama: a binciki cutar da ke ƙasa. Ga mai cutar Kuron akan guji yanka mai faɗi, a sa zare mai sassauci domin mugunya ta riƙa fita. Ga mai sankarar jini da fararen ƙwayoyin jininsa suka yi ƙasa, akan fara da magani ta jijiya.

Akwai alamomin da ba a jira da su ko kwana ɗaya: zafin jiki da ya kai digiri 38 ga jaririn da bai kai wata uku ba, ƙin kama nono, yawan barci da kasala, kumburin ciki, ko baƙin da ya fara bayyana a fatar wurin. Waɗannan na nuna cewa ƙwayoyin cutar sun fara shiga jini ko cin nama.

8.0 Matsayin Sakiya da Magungunan Gida

Idan aka ɗora abin da ya gabata a kan al'adar Bahaushe, za a ga dacewa a wuri guda da saɓani a wani. Dacewar ita ce batun nuna. Tsohuwar da ta ce a yi gashi a jira maruru ya nuna, ra'ayinta bai yi nisa da na Rosen da Christison-Lagay ba. Saɓanin kuwa yana ga sakiya. Ƙarfen wanzami yana yin abin da tsagawa kaɗai ke yi, wato buɗe ƙofar waje, sannan ya ƙara da wasu haɗura uku. Na ɗaya, zoben tsokar dubura yana dab da fata a jikin jariri, kuma idan ƙarfe ya yi zurfi ko wuta ta ƙona shi, yaro na iya tashi ba ya riƙe bayan gida, ko tabo ya tsuke mafitar. Na biyu, kayan aikin da ba a dafa ba na iya ɗaukar cutar sarƙewar haƙora da ciwon hanta da ƙanjamau. Na uku, idan kumburin ba maruru ba ne, an yi sakiyar da ba ruwa a ma'anarta ta asali.

Haka nan akwai gyara a magungunan gida. Gidan da ake wankan jego ba ya rabuwa da tafasasshen ruwa, kuma fatar jariri ba ta jure abin da fatar maijego ke jurewa, don haka ruwan gashi sai an gwada shi da gwiwar hannu. Jiƙon bagaruwa da wasu ke zaunar da yaro a ciki yana ɗauke da sinadari mai tsuke fata, amma ba ya isa ga tushen ciwon da ke ciki. Cusa kanwa ko barkono ko garin magani a dubura da sunan ɗankanoma yana ƙona shimfiɗar wurin. Fasa kafso a barbaɗa a kan miki, ko sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kyamis ba tare da awo ba, yana koya wa ƙwayoyin cutar jure magani.

9.0 Sakamakon Nazari

Wannan nazari ya gano abubuwa kamar haka. Da farko, marurun gefen dubura na jarirai ciwo ne mai zaman kansa, wanda ya fi kama maza, kuma da yawansa kan warke da jinya. Na biyu, tiyata tana da gurbinta, kuma idan za a yi ta, buɗe hanyar yoyo ya fi tsagawa kaɗai rage dawowar ciwon. Na uku, kalmomin Hausa na nuna da jan ruwa sun isa a gina bayanin likita a kansu, ta yadda ma'aikacin lafiya zai iya cewa uwa "bai nuna ba, a ci gaba da gashi, a dawo jibi", ta kuma fahimce shi sarai. Na huɗu, saye da cakuɗa sunaye suna jinkirta gano ciwon, domin uwar da ta ce ɗanta na da basir za a ba ta maganin basir.

10.0 Kammalawa

Maƙalar ta bibiyi marurun gefen dubura tun daga sunansa har zuwa hanyoyin magance shi, ta kuma nuna cewa zaɓi tsakanin wuƙa da haƙuri ya danganta ne da shekarun yaro da girman ciwon da kuma lafiyar jikinsa baki ɗaya. Aikin da ya rage wa manazarta Hausa a nan a fili yake. Akwai buƙatar a zauna da likitocin yara a daidaita sunayen cututtukan dubura, a raba basir da fitar baya da maruru da yoyo, a shigar da su ƙamusoshi da shirye-shiryen rediyo. Akwai kuma buƙatar a shiga tsakanin wanzamai da ungozomomi a rubuta yadda suke gane marurun da ya nuna da kuma lokacin da suke tura yaro asibiti, domin su ne ƙofar farko da uwa ke ƙwanƙwasawa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.